Zaman jiran iska a tashar jiragen ruwa

Assalamu alaikum jama'a. Yau zan yi magana kan masu yawon teku da ƙananan jirage masu filafilai waɗanda iska ke turawa, musamman kwanakin da jirgi yake ɗaure a tasha ana jiran yanayi ya gyaru.

Ku ɗauki birnin Las Palmas da ke tsibiran Kanari, daura da gaɓar arewa maso yammacin Afirka. Duk ƙarshen Nuwamba jirage kan taru a can don tsallaka Atilantika zuwa tsibirin Sant Lusiya da ke yankin Karibiyan, tafiyar mil na teku kusan 2,700. Me ya sa sai Nuwamba? Saboda lokacin guguwar Atilantika yana kamawa daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba. Irin wannan jirgi da ƙyar yake cin mil 150 a kwana guda. Idan hadari ya taso, ba shi da ƙafar tsere masa. Dabararsa ɗaya ce, kada su haɗu.

To, kada ku ɗauka hutu ake yi. Da dare iska na kaɗa igiyoyi suna dukan sandar jirgi, ƙwas ƙwas har asuba. Matuƙi zai tashi ƙarfe 3 da tocila ya duba igiyar da ta ɗaure jirgin, domin inda take gogar bakin tasha nan take cinyewa. Sai ya yanko tsohon tiyo ya zura ta ciki. A ɗaki kuwa raɓa ta kwanta a bango, katifa ta yi sanyi, batir na raguwa tunda sola ba ta ga rana ba. Gari na wayewa kowa ya nufi ma'aunin nauyin iska: idan yana faɗuwa da sauri, babu inda za a je.

Amma abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne matsin lokaci. Wani hutunsa na ƙarewa, wani ya riga ya sayi tikitin jirgin sama a can gaba. Sai maƙwabci ya kwance igiya ya fita, zuciya ta fara raya maka kai ma ka bi shi. Ina roƙonku, kada ku bi. Ba ku san ƙarfin jirginsa ba, ba ku san mutum nawa ke karɓa-karɓar tuƙi a ciki ba. Kuma ko iska ta faɗi, raƙuman ruwan da ta tayar sukan yi kwana ɗaya ko biyu kafin su lafa, shi ya sa tsofaffin matuƙa suke ƙara kwana a tasha kafin su kwance.