Tsadar ɗumama gida a Birtaniya: yadda kamfanoni suka karye, da wanda ya biya bashin

Assalamu alaikum, masu kallo.

Ku dubi wannan ɗan akwatin da ke kan teburin kicin. Bai fi tafin hannu ba. A gidaje da yawa na Birtaniya, shi ne ke nuna wa mai gida nawa ya kashe yau a wutar lantarki da iskar gas. Ka ɗora ruwan shayi, lamba ta motsa. Ka kunna abin ɗumama ɗaki, ta fara gudu. A hunturun 2022 iyaye da yawa sun yi ta leƙa shi kamar mai jinya yana leƙa numfashin marar lafiya, kafin su yanke shawarar ko za a kunna ɗumi kafin yara su tashi.

Sanyin ƙasar nan ba irin na hunturunmu ba ne, da rana za ta fito da hantsi ta kore shi. Watanni yake yi, ga danshi, ga duhu tun kafin ƙarfe huɗu na yamma a watan Disamba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ɗumin cikin gida ya gaza maki 18 a ma'aunin Salshiyos. Ƙasa da haka, tsofaffi da jarirai da masu ciwon zuciya ko na huhu suna shiga haɗari.

Kusan gida 85 cikin kowane 100 a ƙasar da gas ake ɗumama su. Akwai tukunya da ake kira boila, galibi a maƙale a bangon kicin. Tana ƙona gas, ta zafafa ruwa, ruwan ya bi bututu ya zagaya cikin faifan ƙarfe da aka kafa a kowane ɗaki. Sannan a waɗannan shekarun kusan kashi 40 cikin 100 na wutar lantarkin ƙasar ma da gas ake samar da ita. Saboda haka idan gas ya yi tsada, ta ƙofa biyu yake shigo maka.

A 2021 abubuwa suka haɗu. Hunturun da ya gabata ya yi tsawo ya ƙwaƙule rumbunan gas na Turai. Masana'antun Asiya sun farfaɗo bayan korona, suna saye gas ɗin da ake dakonsa a jiragen ruwa. Iska ta yi ƙaranci a shekarar, injinan da ke samar da wuta da ita ba su ba da abin da aka saba ba. Kamfanin Gazprom na Rasha ya riƙe hannu. Ita kuwa Birtaniya tun 2017 ta rufe babban rumbunta na ajiyar gas, wanda ake kira Rough, a cikin Tekun Arewa. Farashin sari ya ninka, ya sake ninkawa. Duk wannan kafin Rasha ta shiga Yukren a watan Fabrairun 2022, wanda ya ƙara wa wutar fetur.

To, a nan nake so ku tsaya ku fahimci wani abu. Kamfanin da ke aiko maka da takardar kuɗin wuta, mafi yawan lokaci ba shi ke haƙo gas ba, bututun ma ba nasa ba ne. Dillali ne. Yana saye a sari, ya sayar maka ɗaiɗai. Hukumar da ke kula da harkar, Ofgem, ta sassauta sharuɗɗan shiga kasuwar don a samu gasa, har kamfanonin suka kai kusan 70 a 2018. Wasunsu sun shigo da ɗan jari kaɗan.

Ɗan kasuwa mai hankali, idan ya yi alkawarin zai riƙa ba ka masara a farashi ɗaya har shekara ta zagayo, tun da kaka zai sayi buhunansa ya ajiye. Manyan kamfanonin haka suke yi, suna sayen gas na watanni masu zuwa tun da wuri. Da yawa daga cikin ƙananan ba su yi ba. Sun yi wa jama'a alkawarin araha, suna saye yau su sayar yau. Kuma da kuɗin wa suke juyawa? Da na masu sayen. A can mutum kan biya adadi ɗaya kowane wata, rani da damina, sai rarar kuɗinsa ta taru a hannun kamfani lokacin zafi kafin hunturu ya cinye ta. Wannan rarar ita ce ta zama jarin wasu.

Da sari ya tashi, ba su da hanyar ƙara farashi yadda suke so, domin tun Janairun 2019 Ofgem ke ƙayyade iyakar abin da za a caji mai saye, kuma a lokacin sau biyu kacal a shekara ake sabunta ta. Suna saye da tsada, doka ta tilasta su sayar da araha. Sai suka fara faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. A Satumban 2021 Avro Energy ya durƙushe da masu saye kusan 580,000. A Nuwamba sai Bulb, mai masu saye sama da miliyan 1.5. Girmansa ya sa ba a iya raba mutanensa nan take ba, gwamnati ta riƙe shi da kuɗin jama'a fiye da shekara guda kafin Octopus Energy ya karɓe su. Daga Yulin 2021 zuwa Mayun 2022, kamfanoni 29 suka karye, abin ya shafi gidaje kusan miliyan 4.

Ba a yanke wa kowa wuta ba, wannan gaskiya ne. Ofgem kan naɗa wani kamfani ya ɗauki marayun, kuma rarar kuɗin mutum tana nan ba ta ɓata. Amma wa ya cike ramin? Ofishin binciken kuɗin gwamnati ya ce Ofgem ta ƙiyasta asarar a fam biliyan 2.7, ban da ta Bulb, aka raba ta a kan takardar kowane gida, kusan fam 94 kowa. Hausawa na cewa kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. A nan wasu suka ɗebo, bakin wasu ya ƙone, har da tsohuwar da ba ta taɓa canza kamfani ba a rayuwarta. Wannan ne ya fi ɓata min rai a duk labarin.

Ga lambobin a taƙaice, na kuɗin wuta da gas na gida matsakaici a shekara. Oktoban 2021, fam 1,277. Afrilun 2022, fam 1,971. Oktoban 2022 ya kamata ya kai fam 3,549, sai gwamnatin Firaminista Liz Truss ta tsayar da shi a fam 2,500, ta ɗauki sauran. An kuma rage wa kowane gida fam 400 a wancan hunturun. Duk da haka, kafin a cire wannan ragin na fam 400, kuɗin ya kusa ninkawa cikin shekara ɗaya.

Sai mutane suka shiga neman mafita. Mai hali ya duba na'urar zuƙo zafi. Tana aiki kamar firji da aka juya: tana jawo ɗan ɗumin da ke cikin iskar waje ta tura shi cikin gida, ma'aunin wuta ɗaya ya ba ka kusan uku na zafi. Gwamnati ta sa tallafin fam 5,000 a 2022, ta ɗaga shi zuwa 7,500 a Oktoban 2023. Sai dai a hunturun 2022 ma'aunin lantarki peni 34 ne, na gas kuwa peni 10 da ɗoriya, don haka ribar ba ta fito fili ba sai a gidan da ke riƙe zafi da kyau. Wasu suka koma murhun itace, amma hayaƙinsa na cutar da huhu, kuma tun 2021 Ingila ta hana sayar da ɗanyen itace a ƙananan ɗauri. Da yawa daga mutanen karkara da bututun gas bai kai gare su ba da kananzir suke ɗumama gida, shi kuwa babu wata iyakar farashi a kansa. Abin da ya fi araha shi ne rage zafin ruwan boila zuwa maki 60, da toshe kafofin da iska ke shigowa, da shimfiɗa abin riƙe zafi a ƙarƙashin rufi.

Amma ku lura, kusan duk wannan zaɓin na mai gidan kansa ne. Ɗan haya ba zai canza boila ba, ba zai taɓa bango ba. Gidajen Birtaniya da yawa tsofaffi ne, wasu sun haura shekara 100, bangon bulo ne zalla, zafi na fita kamar ruwa a kwando. Mai gidan ba shi ke biyan kuɗin gas ba, to me zai sa ya kashe dubbai? Ɗan hayan sai ya kashe ɗumi, ya rufe tagogi, tururin girki da na numfashi ya kwanta a bango, baƙar funfuna ta fito bayan gadon yara.

Ƙasan kowa kuma akwai masu mita mai kati, irin wadda muka sani a gida, gidaje wajen miliyan 4. Kuɗi ya ƙare, ɗumi ya ɗauke, ba sai wani ya zo da tsani ba. Ƙungiyar Citizens Advice, mai ba jama'a shawara, ta ce mutum miliyan 3.2 ne katinsu ya ƙare a 2022 ba su da abin sake sawa. A Fabrairun 2023 jaridar Times ta bankaɗo yadda masu karɓar bashi da ke yi wa kamfanin British Gas aiki suke shiga gidajen marasa galihu da takardar kotu, su kafa musu wannan mitar ƙarfi da yaji. Bayan nan aka dakatar da hakan na wani lokaci. A wancan hunturun ɗakunan karatu da coci-coci da masallatai suka riƙa buɗe ƙofa, don wanda gidansa ya yi sanyi ya zo ya zauna, ya sha shayi.

'Yan uwanmu ɗalibai da ma'aikatan jinya da ke shirin zuwa, ga abin da zan roƙe ku. Kafin ku sa hannu a takardar haya, ku nemi shaidar ingancin makamashin gidan. Tana da harafi daga A zuwa G, kuma a Ingila doka ta hana ba da hayar gidan da ya gaza E, sai da wani uzuri na musamman. Ku tambaya ko da gas ake ɗumama shi ko da lantarki zalla, domin na biyun ya fi cin kuɗi nesa ba kusa ba. Ranar da kuka karɓi makulli, ku ɗauki hoton lambar mita. Sannan ku janye labule, ku duba kusurwar taga da bayan kabad, ku taɓa bangon da tafin hannu ku ji ko da danshi.