Tarin shiƙa: daren da muka kwana a imajansi

(Laccar wata ma'aikaciyar jinya ga mata a wata Islamiyya da ke Unguwar Rogo, Jos)

Assalamu alaikum. Na baya kuna jina? Madalla. Abu uku zan faɗa kafin la'asar.

Na farko, tarin shiƙa da mura yake sallama. Majina, ɗan tari, sati ɗaya ko biyu. Mu kuwa mutanen Jos komai sanyi muke ɗora wa. Ni da nake aikin jinya, da jikana ɗan wata ɗaya ya fara, cewa na yi da uwarsa, "Sanyi ne, ƙara masa hula." Ku yi dariyarku, ni na jawo.

Wani dare ya yi tari, ya yi tari, sai shiru. Shirun nan, shirun nan nake so ku riƙe. Babban yaro in tarin ya sarƙe shi yakan ja numfashi da ƙara kamar zakara, ya yi amai. Jariri sau da yawa ba ya wannan ƙarar, numfashin ne kawai ke ɗaukewa. Na haska leɓensa, ya yi duhu. Ko takalmi ban sa daidai ba, sai motar maƙwabci, sai imajansin yara.

Nan take aka sa masa oksijin, aka zuƙe majinar, aka ware mu a gefe. Nono ma ta roba aka riƙa ba shi ta hanci, don da ya kama tsotso tarin ke tashi. Aka ɗora shi kan azithromycin na kwana 5, mu ma 'yan gida aka ba mu. Maganin yana kashe ƙwayar cutar, ya hana yaɗuwa, amma tarin sai ya ga dama. Mutanen Sin "tarin kwana 100" suke ce masa.

Na biyu... ko na uku muke? Allurar Penta dai, wato rigakafin da ke kare yaro daga tarin shiƙa: sati 6 da haihuwa, sati 10, sati 14, kyauta a asibitin gwamnati. Nawa jikan bai ma kai ta farko ba, shi ya sa kada babba mai tari ya ɗauki jariri, don kada ya shafa masa.

Na'am, Hajiya? Beli? A'a! Ba ruwan beli, ƙwayar cuta ce a hanyar numfashi. Wanzami ya yanka, jini ya zuba, tari na nan. Wa ya ce a cire? Kakarsa? To ki turo min ita bayan salla, mu yi ta kaka da kaka.