Mofin da ciwon ajali: laccar da wata likita ta gabatar a Agege

Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwana. Na san da na ambaci mofin, wato magani mai ƙarfi na kashe zafin ciwo, wasu za su tuna tiramol da kodin ɗin da ke cinye yaranmu a Agege da Idi-Araba. Kuna da gaskiya, ai saboda ɓarnar kodin ne gwamnati ta hana maganin tari mai ɗauke da shi a 2018. Amma yaron da ke shan ƙwaya a tasha daban, dattijon da sankara ta ci masa ƙashi daban.

Akwai wani baba, mai sayar da albasa, da na riƙa dubawa a gida. Kwana uku bai runtsa ba, ya cusa gefen zani a baki yana cizo don kada jikokinsa su ji nishinsa. Na rubuta masa mofin na ruwa. Babban ɗansa ya ja ni waje ya ce, "Likita, an ce wannan maganin sallama ne. Kuma idan ya yi ta barci, yaushe zai yi kalmar shahada?" Na ce masa, Alhaji, dube shi yanzu, ko sunanka yana iya kira? Ya yi shiru. Washegari baban ya kishingiɗa ya sha kunu, ya yi wasiyya, har ya faɗi bashin da ake bin sa. Ya ƙara kwana goma sha ɗaya, da hankalinsa.

Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa tsarin rage zafin ciwon sankara: a fara da irin su farasitamol, a hau zuwa matsakaici, idan ciwo ya gagara a ba da mofin. A ba shi ta baki, kuma bisa agogo, awa huɗu-huɗu. Nan ne muke kuskure. Sai mu ɓoye kwalba, sai mara lafiya ya fara ihu mu ɗauko. Wutar da ta riga ta kama rufi ba a kashe ta da kofi. Likita na farawa da kaɗan, ya ƙara gwargwadon ciwon, kuma idan an bi haka mofin ba ya gaggauta ajali.

Gyangyaɗi da tashin zuciya da mofin ke kawowa a kwanakin farko kan wuce. Taurin bayan gida ne ba ya wucewa, don haka ku nemi maganinsa tun ranar farko, kada kunya ta hana ku.

Ba a sayensa a kemis na lungu, sai da takardar likita, a asibiti. A auna da sirinji, ba da cokalin shayi ba. A kulle kwalbar, makulli a hannun mutum ɗaya. In Allah ya yi ikonsa, abin da ya rage a mayar asibiti.

Na ji an kira la'asar. Hajiya, riƙe tambayarki, bayan salla da ke za mu fara.