Kiriye Eleyison: Roƙon Jinƙai Da Ya Ƙi Barin Girkanci

Ka taɓa sauraren addu'ar Mas, wato babbar sujadar Katolika, da harshen Latin? To, kasa kunne kusa da farko. Akwai kalmomin da za ka ji waɗanda ba Latin ba ne, Girkanci ne: Kiriye eleyison. Ma'anarsu, "Ya Ubangiji, ka yi jinƙai."

Daga Littafi Mai Tsarki roƙon ya fito. A Matiyu sura 20, makafi biyu ne zaune a bakin hanya kusa da Yariko, suka ji Yesu na wucewa, suka ɗaga murya suna roƙon jinƙai. Jama'a suka kwaɓe su, su kuwa sai ƙara ƙwala kira suke yi.

A wajejen shekarar 380, wata mata mai suna Egeriya ta kai ziyarar ibada Urushalima, ta rubuta abin da idonta ya gani. A sujadar yamma, mai hidima na kiran sunayen waɗanda ake yi wa addu'a, yara kuma na tsaye gefe, duk sunan da aka kira sai su amsa baki ɗaya: Kiriye eleyison.

Da roƙon ya samu gindin zama a Rum, ba a fassara shi ba, ƙari aka yi masa. A 598 Paparoma Giregori Babba ya rubuta cewa su a Rum suna haɗawa da "Kiristi eleyison", wato "Ya Almasihu, ka yi jinƙai", abin da Girkawa ba sa yi. Daga baya aka tsayar da shi sau tara, uku-uku.

Kibɗawa kuwa, wato Kiristocin Masar, sau 41 suke maimaitawa. A bayaninsu, 39 bulalar da aka yi wa Almasihu ce, ɗaya rawanin ƙaya, ɗaya mashin da aka soke shi da shi.

Sai mawaƙa. A ganina ƙarancin kalmomin ne ya sakar musu mara, don gaɓa ɗaya ma za a iya ja ta har numfashi ya ƙare. A 1733 mawaƙin Jamus Johann Sebastian Bach ya miƙa wa sarkin Saksoni, wani yanki na Jamus, nasa tsarin waƙar a birnin Diresdin. Kalmomi uku ne kacal, Kiriye, Kiristi da eleyison, amma rera su na cin kusan minti 20.