Aiki ya tatse ka, kuma ana ce maka ka ƙara dagewa?

Akwai wata gajiya da barci ba ya maganinta. Ka kwana lafiya lau amma ka tashi kamar an yi maka duka, ka zauna gaban kwamfuta ka karanta layi ɗaya ka sake karantawa bai shiga ba, waya ta yi ƙara ka ga sunan oga gabanka ya faɗi tun ba ka buɗe saƙon ba. To wannan fa ba lalaci ba ne. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta yi bayanin wannan gajiya ta aiki, wadda ake kira "burnout" da Turanci, a kundinta na cututtuka da matsalolin lafiya mai suna ICD-11, ba ta kira ta cuta ba, cewa ta yi tana tasowa ne daga matsin aiki da ya daɗe ba a shawo kansa ba. Alamu uku ta kawo: ƙarfi ya ƙare, aikin ya fita daga ranka har kana jin haushinsa, sannan ka fara ganin kamar ba ka iya komai ba.

Riƙe ta ukun nan, a kanta maganarmu take.

Akwai wata farfesa a Jami'ar Stanford ta Amurka, Carol Dweck, ta shafe shekaru tana bincike kan yadda mutane ke kallon basirarsu. Wasu gani suke a ƙayyade take, ko kana da ita ko babu, wasu kuma sun yarda tana ƙaruwa da koyo. Littafinta na 2006 ne ya yaɗa maganar, daga nan sai mutane suka murɗe ta ta koma "kai dai ka dage kawai", har sai da ita kanta ta fito ta yi gyara, ta ce ba ƙoƙari kaɗai take nufi ba, akwai canza dabara da neman taimako in abu ya cije. Don wanda aiki ya riga ya tatse ka ce masa ya ƙara dagewa, ai kamar rijiyar da guga ya fara fito da laka ce kai kuma ka ce a ƙaro masu ja.

Inda tunanin nan na cewa basira na ƙaruwa da koyo yake da amfani shi ne maganar da kake yi wa kanka. Rahoto ya makara, sai ka ce "shikenan, dama can ban cancanci aikin nan ba". Ka yanke wa kanka hukunci ke nan, babu sauran abin gyara. Amma in ka ce "yadda nake tafiyar da aikin ne ba ya ɓullewa", to yanzu akwai abin bincikawa.

Me za ka bincika? Christina Maslach da Michael Leiter, waɗanda suka daɗe suna nazarin wannan gajiya, sun nuna wurare 6 da take ɓullowa: yawan aiki, rashin ta cewa a kan aikinka, rashin lada ko yabo, zama da abokan aiki, rashin adalci, da aikin da ya saɓa wa abin da ka yarda da shi. Duba wanne ne naka, don wanda rashin adalci ke ci wa rai ko hutun wata guda aka ba shi zai dawo ya tarar da abinsa.

In yawan aiki ne, to cewa a'a ma koyonta ake yi. Ba sai ka yi rigima ba. "Yallaɓai, ayyuka uku ne a hannuna yanzu, wanne kake so in fara gamawa, wanne zai jira?" Ranar farko muryarka za ta yi rawa, ƙila ma ka ƙarasa da ba da haƙuri ba ka yi laifin komai ba, ba komai, na gaba zai fi sauƙi. Haka kashe sanarwar imel da daddare, da farko hannunka zai yi ta kai wa wayar da kansa.

Amma gaskiya ɗaya ce, akwai wurin aikin da ko wane irin tunani ka gyara ba zai gyaru ba, in aikin mutum uku aka jibga wa mutum ɗaya matsalar ba a kanka take ba, kuma abin koyo a nan ƙila shi ne yadda za ka shirya barin wurin a tsanake.

WHO ta taƙaita bayanin nata ne ga aiki kaɗai. In ka ga abin ya bi ka har gida, barci ya ƙaurace, abin da kake so da duk ya daina burge ka har tsawon makonni, to je ka ga likita, don yana iya zama ciwon damuwa, shi kuma ana maganinsa.