Darasin tuƙi: saukowa da tirela mai lodi a Hawan Kibo

Assalamu alaikum 'yan'uwana direbobi, musamman ƙannena da aka damƙa wa makulli kwanan nan. Barkanmu da asuba. Yau ba a gareji muke ba. Mun baro Jos, mun wuce Bukuru da Mararrabar Jama'a da Riyom, ga mu tsaye a saman Hawan Kibo. Kai yaro, ɗaga wayar sama kaɗan su ga hazon nan. Yawwa. Jos tana bisa tudu ne, wajen mita 1,200, daga nan kuwa ƙasa za mu yi ta yi har mu kama hanyar Akwanga. Masara ce a bayanmu, buhu 300, tan 30 ke nan, ban da nauyin ita kanta motar.

Duba mai da ruwa da taya ba zan ɓata muku data a kai ba, duk wanda ya yi karen mota ya san wannan. Abin da nake so ku gani shi ne tsayawar. Ni ba na faɗa wa gangare sai na tsaya a samansa, ko da mai kaya yana ta buga waya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Zagayo nan. Ka ga zoben da ke ƙasan tankin iskar birki? Ja shi. Ka ga ruwan da ya feso? Shi ke cinye wa iska wuri, shi ke lalata bawul. Ja na biyun ma. Sai tiyo biyun nan da ke haɗa kan mota da bodi, ja da rawaya, ka kasa kunne ko suna huci. Sannan ka bi tayoyi kana kai bayan hannu kusa da diram, wato ƙarfen birkin da ke cikin taya. Kusa na ce, kar ka taɓa! Idan ɗaya ya fi sauran zafi, birkinsa na kamawa. Idan ɗaya ya yi sanyi ƙalau alhali sauran da ɗumi, wannan malalaci ne, ba ya aiki, 'yan'uwansa ke ɗaukar masa kaya, kuma su ne za su fara ƙonewa.

To mu shiga. Bismillahi. Agogon iska ya haura 8, duka allura biyun. Na kashe mota, na taka birki na riƙe minti guda. Ta ɗan faɗi da farko, ta tsaya cak. Haka ake so. Da ta ci gaba da zarewa, nan za mu kwana.

Yanzu giya. Iyayengijinmu sun ce da giyar da ka hau da ita za ka sauko. Gaskiya ne a zamanin tsohuwar Marsandi 911. Motocin yanzu, DAF da MAN da Howo, suna da ƙarfin hawa fiye da ƙarfin riƙewa, saboda haka ni ina rage ɗaya, wani lokaci biyu. Kuma a nan sama ake zaɓenta, mota na tafiyar hawainiya, ba sai ta ɗauki wuta ba. Cire wajin da ya tokare taya, yaro, ka shigo. Ga ta biyu, ta uku... bari in sa ta biyar. A'a, tsaya, da wannan lodin da hazon nan ta huɗu zan zauna, a ɓangaren lo, wato ƙananan giyoyi. Na kunna danja. Masu ƙananan motoci su yi ta oda, hanya ce, su wuce.

Ka nuna musu ƙafata ta hagu. Wannan maɓallin na ƙasa shi ne birkin injin, wasu na ce masa birkin salansa. Yana toshe wa hayaƙi hanya ne, sai injin ya koma riƙe mota maimakon ja. Kun ji muryar ta canza? Abin da sababbi ba su gane ba, ba ya ci sai injin na kuka. An saba ce muku ku zauna a koren ɓangaren agogon juyin injin don tattalin gas, wannan a shimfiɗaɗɗiyar hanya ne. A gangare allura ta hau wajen 2,000 ba laifi, nan ne yake da ƙarfi. Ja ce kawai ba ma so ta taɓa. Kuma kwampireso da injin yake juyawa, in injin na kuka iska na cika da wuri.

Shi ya sa mai sa mota a firi, wato ba ta cikin kowace giya, a gangare wai yana ajiye gas, ban san me zan ce masa ba. Birkin injin ya tafi, iska na cika a hankali, tan 30 na tura shi, duk don litar da ba ta kai kuɗin tuwo ba. Haka mai taka kuloci ya riƙe, duk kanwar ja ce.

To ga wurin da ya wahalar da ni, nan zan daɗe. Taka birkin ƙafa iri uku ne, biyu na kisa ne. Na farko, ka ɗora ƙafa kaɗan ka bar ta a kai tun daga sama har ƙasa. Laini, wato abin da ke matse diram in an taka birki, na gugar sa ba hutawa, diram ya yi zafi ya buɗe, ya nisanci laini, shi kuma laini ya yi santsi kamar gilashi. Agogo na nuna iska cike, kana takawa, mota na tafiyarta. Shi ne za ka ji an ce birki ya tsinke, alhali ba abin da ya tsinke, dafa shi aka yi. Na biyu, famfo: taka, saki, taka, saki da sauri-sauri. Duk sakin da ka yi, tsss, iska ce ta fita, kwampireso ba zai iya mayar da ita ba. Tana sauka ƙasa da 6 ƙararrawa za ta fara ihu.

Na ukun shi ne namu. Ka yanke wa kanka gudu, a ce kilomita 25 a awa. Kalli agogo. Ga ta tana hawa, 23, 24, 25. Na taka sosai, ba shafa ba. Ɗaya, biyu, uku. Ta dawo 17, na ɗauke ƙafa gaba ɗaya. Gaba ɗaya fa, kar ka bar ko yatsa. Yanzu diram na shan iska, injin ke riƙe da mu. Ta sake kaiwa 25, ka sake. In ka ga kana takawa kusa-kusa, ba ka gama numfashi ba ta sake kaiwa, giyarka ta yi sama. Taka sosai har ta kusa tsayawa, sannan ka rage. Kar ka nemi rage giya tana gudu: ka fitar da ita, ta ƙi shiga ƙasa, ta ƙi komawa inda take, ka tsinci kanka a firi ba da niyya ba.

Ni ya taɓa faruwa da ni, a kwanar da ke gabanmu ɗin nan. Watana uku da karɓar mota, ina ji da kaina. Na shigo da ta shida, ƙafa a kan birki, ina hira. Wari na fara ji, kamar an ƙona roba da gashi. Kafin in ankara feda ta zama ba ta da amfani. Allah ya sa akwai sauran ci kaɗan, na kanga bodi a jikin tudu ta ɓangaren dutse, muka yi ta gurza har ta tsaya. Maigidana da ya zo bai zage ni ba, ya dai ce in ɗauko butar shayi in ɗora a kan diram. Wallahi sai da ruwan ya yi motsi. Wata shida na koma karen mota.

Kwana ke nan, an gama rage gudu tun kafin a shige ta, a ciki sitiyari ne kawai. Oda sau biyu, don masu hawowa kan buɗe su ci hannunka.

Af, tunda na ambaci laini: masu tambayata a ƙasan bidiyo ko muna sayar da shi, e, har yanzu muna kawowa, da waji na katako mai ƙwari, ba dutsen da yaro zai tsinto a bar shi a tsakiyar titi ya kashe mai babur ba. Laini mai araha yana nan kasuwa, ni dai ba na sa shi a motar da zan hau. Masu son koyon hannu kuma, Asabar da Lahadi muna gareji.

In ana ruwa, ko bodi ba kaya, ku yi hankali da birkin injin. Tayoyin kai kaɗai yake riƙewa, bodi na iya turo ka ya naɗe motar kamar wuƙar aski. Masu tanka ku kuma kayanku na kai-komo a ciki, in ba ta cika ba ku ƙara rage giya ɗaya. Mai zuwa Mambilla, daga Mayo Selbe zuwa Maisamari, wannan darasin daban ne. Can kwanonin sun fi matsewa, ga hazo, ga shanu a mota in za ka sauko. Kar ka fara zuwa kai kaɗai, bi wanda ya saba sau biyu tukuna.

Hawa kuwa da sauƙi: rage giya tun injin bai shaƙe ba, ido a kan agogon zafi, in ta mutu maka ja birkin hannu, yaro ya dira da waji. Kar a buɗe lagireto tana tafasa.

Alhamdu lillahi, ga mu a ƙasa, iska ba ta sauka daga 8 ba. Zan faka a fili, in bar ta a kan waji ta huce, ba na ɗaure birkin hannu a kan diram mai zafi, kuma ba a watsa masa ruwa, tsagewa yake. Sauka ka kai hannu kusa da na baya ka gaya musu. Ɗumi kawai? To madalla. Duba na ɗaya gefen ma, sannan ka kashe wayar ka nemo mana mai shayi.