Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishina a Ziyarar da Ya Kawo wa Sashen Kimiyyar Halittu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum.

Mai Girma Kwamishina, Allah ya ja zamaninka. Mai Girma Hakimi, ranka ya daɗe. Dagatai da masu unguwanni, iyayenmu, malamai da ɗalibai, lale marhabin. Hidimar da kake yi wa ilimi a Jigawa ba ɓoyayyiya ba ce, takowar da ka yi har ƙauyen nan ma ta ishe mu shaida.

Ranka ya daɗe, tun kafin ka sha ruwa za mu faɗi abin da ke ranmu: wuta muke roƙo. Sola da baturanta, wadda za ta riƙe ɗakin kwamfutarmu daga safe zuwa magariba.

Ga dalili. Muna koyar da 'yan digirin farko ilimin nazarin ƙwayoyin gado da kwamfuta, kuma mun daina tsayawa a kan allo. Kowane ɗalibi ana ba shi tambayar da malaminsa ma bai san amsarta ba, ya bi ta har ƙarshen zango, ya kare sakamakonsa a gaban 'yan ajinsu. Ba ya buƙatar sinadarai masu tsada. Rumbun bayanan ƙwayoyin gado na GenBank da ke Amurka kyauta ne ga duk mai intanet, haka ma manhajar BLAST da ake gwada jerin gadon wata halitta da na wata. 'Yar manomi daga ƙasar Hadejia tana buɗe bayanan da farfesan Ingila yake buɗewa, ba ragi. Gani ya kori ji, yau ɗaliban za su nuna maka da kansu.

Kuma tambayoyin namu ne. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, gero kuwa shi ya raini kakanninmu. An fitar da taswirar ƙwayoyin gadon gero a 2017, ta wake a 2019, amma manyan injinan da suka yi aikin ba a ƙasar nan suke ba. Iri na gonakinmu, ilimin iri a hannun wasu. Ƙuduji yana cinye dawa a bayan katangar makarantar nan, sikila tana wahalar da yara a gidajenmu, alhali duka biyun ana nazarinsu da irin darasin da muke koyarwa. A 2020, a garin Ede na jihar Osun aka fara karanta jerin gadon ƙwayar korona a duk Afirka. Da me 'ya'yan Jigawa suka gaza?

Abin da ke karya mana gwiwa shi ne, yaro ya sa kwamfuta aiki tun hantsi, ana dab da samun sakamako wuta ta ɗauke, komai ya koma farko. Wasu da kuɗin abincinsu suke sayen data. Man janareta kuwa malamai ke yin karo-karo, kuma sun gaji.

Muna kuma roƙon ƙarin kwamfutoci 30, da intanet mai ƙarfi, da tura malamai biyu ƙaro horo. Idan ba za a samu duka a kasafin bana ba, don Allah a fara da solar nan kafin sabon zango, sauran ma iya jira.

Allah ya ƙara girma, ya mayar da kai da tawagarka gida lafiya. Amin.

Kwamitin Malamai da Ɗaliban Sashe